Ranar da Sarkin Gaisuwa Ya Ɗauki Taɓarya

Da sunan Wanda ya rataye rana babu igiya, ya saki iska babu linzami, ya tara ruwa a sama babu randa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da mutanen gidansa, da waɗanda suka bi sawunsa.

Bayan haka, ni ce Tsahara mai daddawa, mutuniyar Birnin Lale, garin da ke bayan hamada uku da teku guda. Na taka ƙasashe uku da gwiwoyin nan nawa masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ga abin da na gani, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, hanya tana nan, ya ɗaura wa jakinsa kaya ya je ya duba.

Birnin Lale yana kwance ne a bakin Gulbin Baƙin Sa. An sa masa wannan suna don ba ya sallama. Sai a yi ruwa can kan duwatsu, mu nan rana ƙwal, kafin mace ta sauke tukunya ya gangaro da kumfa a baki ya shafe fadama. Saboda haka maƙerinmu Jatau ya ƙera kunnuwa goma sha biyu na tagulla, kowanne kamar ƙwan agwagwa, aka kafa su a kan turaku tun daga gindin duwatsu har cikin kasuwa. Kowane kunne yana da gemu na zare. Idan ruwa ya taso ya taɓa gemun na farko, sai ya raɗa wa na biyu ta cikin iska, babu waya babu ɗan aike, na biyu ya raɗa wa na uku, har labari ya iso ga na goma sha biyu. Shi kuma ya gaya wa ƙararrawar da ke rataye can ƙolin rimin kasuwa, ta buga, mutanen fadama su hau tudu. Duk kunnen da ke riƙe da labarin da bai isar ba, gemunsa kan miƙe tsaye.

Sai dai kunnuwan nan suna cin abinci, abincinsu kuwa tartsatsi ne. Jatau kan ɗura shi a cikin 'yan ƙwayoyi kamar gurjiya, 'yan dako su kai musu duk kwana bakwai. In damina ta yanke hanya, sai kunnuwan su zauna da yunwa.

Mu mutanen Lale an san mu da gaisuwa. A garinmu in ka aiki mutum ɗebo wuta da safe, sai ya dawo da toka da azahar. Har sarauta gare mu ta wannan, kuma mai riƙe da ita shi ne Sarkin Gaisuwa Alu, wanda ake kira Dogon Numfashi a bayan idonsa. Surukina ne, ɗansa ne ke auren 'yata Kande. Ranar da aka kafa kunnuwan ya tsaya ya ce babu abin da zai buɗe baki da sunan Birnin Lale ba tare da tarbiyya ba. Dole Jatau ya koya musu gaisuwa. Duk sa'a kowane kunne sai ya gai da maƙwabcinsa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina sanyin turke, yaya aka ji da tsuntsaye. In ka kara kunnenka za ka ji su. Muna alfahari da abin nan ƙwarai, har baƙi muke kaiwa su saurara.

Bara ƙararrawa ba ta buga ba. Gulbi ya sauko da hantsi, Yayata Dudu tana shanya shinkafa a fadama. Takalminta ɗaya muka samu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kande kuwa a fadamar take zaune, a gidan da ya fi kowanne kusa da ruwa, ga ciki na uku. Na yi na yi su taso, mijinta ya ce gonarsa tana can.

Dattawa suka kira taro don zaɓen wanda zai fita duniya neman abincin da ba sai an kai wa kunnuwa ba. Suka yi kwana arba'in suna zama. Kullum kafin a gama gaisawa an kira la'asar, sai a tashi. A rana ta arba'in da ɗaya na ɗora wa jakata daddawa da buta da dardumar salla, na ce da Kande ta kula da kaji, na fita. Saura wata huɗu ruwan farko ya sauka.

Bayan kwana ashirin na isa Birnin Hantsi. Kowane soro a garin an shimfiɗa masa baƙaƙen faranti masu shan rana su mai da ita tartsatsi. Da shi guga ke fitowa daga rijiya, da shi dutsen niƙa ke juyawa, da shi ƙofofi ke kulluwa. Na ce Alhamdu lillahi, tafiya ta zo ƙarshe tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ban sani ba, a garin nan inuwa sata ce. Wanda inuwarsa ta faɗa kan farantin wani, ya saci ranar mutum ke nan. Mutanensu duk sirara ne, kuma da tsakar rana suke fita. Ni kuwa da la'asar na shiga, kuma Allah bai rage ni ta ko'ina ba. Inuwata ta miƙe ta rufe farantin alƙalin garin ruf, daidai lokacin da askar tartsatsi ke yi masa aski. Askar ta tsaya a tsakiyar kai.

Aka kai ni gabansa, rabin kai fes, rabi kamar saƙar jaki.

Ya ce, "Ke baƙuwa, inuwar nan taki ce?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, bina take yi dai, amma ban taɓa aikenta ba."

Bai yi dariya ba. Ya yanke a tsare ni har sai inuwata ta rame.

Mai tsaron kurkukun wata mata ce, Lanti. Da yamma takan sa sakatar itace, da hantsi ta cire ta bar wa rana aikin kulle, ta tafi harkarta. Ranar da na jefa mata daddawa a miya ta ɗanɗana, sannan ta ce ashe shekara hamsin ruwan zafi take sha. Muka yi musaya, na ba ta daddawa, ta ba ni ƙananan faranti goma sha biyu daga na gidanta.

Na tambaye ta, "Lanti, in hadari ya rufe rana fa?"

"Sai mu zauna mu jira."

"Ba ku ajiye kaɗan saboda irin wannan?"

Ta dube ni kamar na ce ta ajiye iska a kwando. "A ajiye rana? Yaya, gobe ma ai za ta fito."

Na riƙe wannan a raina. A kwana na tara gwiwata ta hagu ta fara ciwo tun da safe, ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya a kan hadari ba. Na naɗe darduma, na ɗaure kayana, na zauna a bakin ƙofa. Wajen azahar wani guntun girgije ya zo ya tsaya a kan gari. Makulli ya ce ƙaras ya saki. Guga ya tsaya a tsakiyar rijiya, dutsen niƙa ya yi shiru, mutane suka zazzauna suna kallon sama. Na kwance jakata na bi ta tsakiyar kasuwa. Dogari ya taso zai tare ni, na ce ya nuna mini inuwar da ake tuhuma. Ya duba gabana, ya duba bayana, babu. Na wuce.

Daga nan na yi kwana goma sha bakwai na isa Tudun Taku. Tun daga nesa na ji ƙasa tana rawa. A garin nan an shimfiɗa wani ɓawon dutse a ƙarƙashin hanyoyi, wanda in aka danna shi sai ya tofar da tartsatsi. Saboda haka ba a zama. Mai ciniki yana taka ƙasa, mai shari'a yana taka ƙasa, mai jego ma an ba ta kwana uku ne kacal. In suka tsaya komai ya tsaya, don su ma ba su san ajiya ba.

Magajiyar garin, Kulu, ta tarbe ni tana tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Ta ce al'adarsu baƙo sai ya yi rawa kwana uku a dandali kafin a saurari buƙatarsa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni da na aurar da 'ya'ya? Ko ina budurwa ban yi rawa a dandali ba, balle yanzu da gwiwa ke kiran sunana."

Ta ce to babu ɓawon dutse, babu kuma fita.

Aka kawo mini abinci, dafaffen gero tsaba-tsaba da dusarsa. Na tambaya ina turmi. Ba su san shi ba. A wurinsu ƙafa ce ke da daraja, hannu kuwa na sosa kai ne. Na sa aka faffafe mini gungumen itace, aka sassaƙo mini sanda mai kauri, na kafa a kan ɓawon dutsen dandali, na zuba gero, na ce Bismillahi.

Bugu na farko, gugan rijiyar dandali ya fito da gudu ya zarce ya rataye a reshe. Bugu na goma, duk gugunan unguwar suna hawa da sauka. Masu rawa ashirin suka tsaya baki buɗe. Tsohuwa guda da taɓarya ta fi su duka.

Nan na jawo wa kaina. Magajiya ta naɗa ni Uwar Daka, ta ba ni kyautar ɓawon dutse mai faɗin tabarma, ta kuma sa mata huɗu su tsare ni kada in ɓata. Wato dai wani kurkukun ne, an ɗaura masa rawani. Wata biyu saura, ga Kande can da cikinta.

Sai na koya musu lugude: mace biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Kafin kwana uku garin ya haukace. Aka sare itatuwa aka yi turame. Matan da ke tsarona suka ce in riƙe musu mayafi su gwada sau ɗaya kawai. A ranar kuma na tuƙa musu tuwo na farko a tarihin garin, da miyar kuka da sauran daddawata. Suka ci, suka ƙara, jiki ya mutu. Mutanen da ba su taɓa zama da rana ba suka zube a gindin bango suna minshari, Magajiya har da ludayi a hannu. Na ɗora kyautata a kan jaka, na yi musu addu'ar alheri, na kama hanya.

Tun a Tudun Taku na ji labarin Kogon Tuluna, inda ake ajiye tartsatsi kamar yadda ake ajiye man shanu. Na isa bayan kwana goma sha biyu. Ƙofar dutse ce a rufe, a jikinta kunnen tagulla irin namu, a samansa ɗan faranti kamar tafin hannu. A gefe wani maroƙi ya kafa bukka. Ya ce mini kunnen yini guda yake tara ƙarfinsa, ya saurari baƙo na ɗan lokaci, sannan ya koma barci sai gobe. In ya ji buƙatarka kafin barci ya ɗauke shi, ƙofa ta buɗe.

Na ce, "Kai yaushe ka zo?"

Ya ce, "Shekara biyu ke nan, Inna. Kullum ina tsakiyar kirarin ƙofar take barci."

Na yi masa dariya, Allah ya yafe mini. Da safe na gyara mayafi na durƙusa, na ce, "Salamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Yaya aka ji da..." Kunnen ya yi ɗif. Maroƙi ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Akwai sauran ciyawa in za ki yi bukka."

Kashegari na rage. Na yi sallama, na ce ina kwana, na ce ina gajiya, don a ganina wanda ya tsallake ina gajiya ai ba ɗan mutane ba ne. Ina buɗe baki in faɗi abin da ya kawo ni, ɗif.

Yinin nan ban ci abinci ba. Na zauna ina lissafa kwanakin da suka rage, ina tuna Kande. A rana ta uku na tsaya a gaban ƙofar, kunya kamar ta kashe ni, na ce, "Salamu alaikum. Tulu nake so."

Ƙofa ta buɗe.

A ciki na tarar da wata tsohuwa, Inna Gwamma, zaune a tsakiyar dubban 'yan tuluna kamar na kwalli, kowanne an toshe bakinsa da dalma. Ta amsa sallamata, ta nuna mini wuri. Na ba ta labarin kunnuwanmu da yunwarsu, na nuna mata faranti da ɓawon dutse. Ta gyaɗa kai. Ta ɗauko tulu guda ta haɗa da faranti, ta nuna mini yadda tartsatsi ke ɗiga ciki kaɗan-kaɗan, ya zauna har ranar da babu rana. Sannan ta haɗa tulun da wani kunne, ta nuna mini ƙwayar gilashin da ke gefen tulun, inda ake ganin abin da ya rage. Kunnen ya farka ya ɗanɗana iska, abin da ya sha bai kai ɗigo ba. Ta sa shi ya furta kalma ɗaya, sai ga tulu ya ragu kamar an ɗebi ludayi.

Ta ce, "Ji ba ya ci. Magana ke ci. Me naku ke faɗa?"

Na gyara zama da alfahari na jero mata: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina sanyin turke, yaya aka ji da tsuntsaye.

"Sau nawa?"

"Duk sa'a, Inna. Kuma a amsa masa, shi ma a gaishe shi."

Tsohuwar nan ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, mutanen kogon suka fito suna leƙe, don rabon da su ji dariyarta tun suna yara. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Ko rana kika ɗaure musu a wuya ba za ta ishe su ba. Ƙwayar da ake kai musu ta kwana bakwai, da bakinsu a rufe yake da ta kai su wata shida."

Ni ban yi dariya ba. Wata shida. Wato da kunnuwan nan ba su ɓata ƙarfinsu wajen tambayar juna sanyin turke ba, da sun ga ƙarshen damina, da Yaya Dudu ta ji ƙararrawa. Ni da kaina na sha kai baƙi su saurare su. Na juya fuskata ga bango na yi kukana. Inna Gwamma ta ɗaure mini tuluna goma sha biyu. Da zan fita ta ce, "Su yi barci. Su farka su ɗanɗana ruwa su koma. In da labari, kalma ɗaya."

A bakin ƙofa na gaya wa maroƙi sirrin. Ya ce zai gwada, amma ƙofa mai daraja irin wannan a ce ba a ambaci kakanninta ba? Ina jin har yanzu yana can.

Na iso gida saura kwana goma sha biyar ruwan farko. Jatau ya duba kayan ya ce, "Uwar Kande, da namiji ce ke da an ba ki sarauta." Na ce an ba ni a wani gari, da ƙyar na tsira. Ya ɗora wa kunnuwa goma sha ɗaya faranti da tulu. Na goma sha biyu a inuwar rimi yake, rana ba ta kai masa, sai muka binne ɓawon dutse a ƙarƙashin turamen matan kasuwa da ke gindin rimin. Dakan safiya ɗaya kan cika masa tulu na kwana uku.

Rigimar tana wajen gaisuwa. Sarkin Gaisuwa ya zo maƙera da kansa. Bayan mun gaisa har wutar maƙera ta mutu, ya ce, "Uwar Kande, na ji an ce za ki mai da kunnuwanmu marasa kunya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za su yi sallama. Sallama ce aka umarce mu da ita, sauran duk ƙarinmu ne. Daga sallama sai labari."

"Baƙi su ce a Birnin Lale an daina tambayar gajiya?"

"Gara su ce haka da su zo mana ta'aziyya."

Ya shafa gemu, ya tafi, Jatau kuma ya cire wa kunnuwan gaisuwa ya bar musu sallama. Na ɗauka na ci nasara.

Kande ta haifi mace bayan damina ta kankama. Ranar suna, bayan azahar, matan garin duk suna fadama a gidanta, da yara, da tsofaffi, har masu dakan kasuwa, don tun jiya suka bar turamensu suna taya mu aiki. Sama fes. Garin tuwo ya gaza, sai na hau tudu zuwa kasuwa in ɗauko wanda na ajiye. Kasuwar wayam.

Ina zuwa gindin rimi na ɗaga kai, sai na ga gemun kunne na goma sha biyu a miƙe kamar tsinke.

Na kara kunnena. Da wata 'yar murya kamar ta sauro yake cewa, "Salamu alaikum, ƙararrawa. Ina yini? Ina ga..." Ya yi ɗif.

Na duba tulunsa. Ƙwayar gilashin tulun babu ko ɗigo. Daga kasuwa zuwa fadama ko mai ƙafa sai ya yi tafiya, balle ni. Ƙararrawa kuwa tana can ƙolin rimi, dattawa sun sa an cire tsani tun shekarun baya don kada yara su yi wasa da ita.

Sai ga Sarkin Gaisuwa ya ɓullo cikin babbar riga, zai koma wurin suna. Ya tsaya ya fara, "A'a, Uwar Kande, ina yini, ina taro..."

Na ce, "Wa ya taɓa kunnen nan?"

A rayuwarsa ba a taɓa katse shi ba. Ya yi tari. Ya ce, "Wannan guda ɗaya kawai na sa Jatau ya mayar wa gaisuwarsa. Shi ne ke magana da ƙararrawar gari, ai bai dace ba a ce..."

"Dubi gemunsa! Baƙin Sa yana hanya, jikarka tana fadama!"

Ya duba. Ya dafe kai ya yi salati.

Na jawo turmi kan ɓawon dutse na fara daka, turmin ma babu komai a ciki. Kunnen ya farfaɗo ya ce, "...jiya?" ya sake mutuwa. Jatau ya ƙera shi ne sai ya kai ƙarshen gaisuwa kafin ya faɗi labari, hannuna ɗaya kuwa ba ya ba shi abin da zai kai. Na ɗauko taɓarya ta biyu na miƙa wa surukina.

Ya ja da baya. "Ni? Daka? Da rawanina?"

Na ce, "Alu, kama!"

Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ban sake ba har yau. Ya kama.

Bugunsa na farko a gefen turmi ya sauka, na biyu saura kaɗan ya fasa mini yatsa. Na ce in na ɗaga ka sauke, in na sauke ka ɗaga. Muka kama lugude, ni da Sarkin Gaisuwa, a tsakiyar kasuwa. Rawani ya warware ya naɗe taɓarya, ya fizge shi ya yar. Kunnen ya samu ƙarfi, muryarsa ta fito sarai.

"Ina gida?" Ƙararrawa ta amsa daga sama, "Lafiya lau."

"Ina sanyin reshe?"

Sarkin Gaisuwa ya daka masa tsawa, "Kai, faɗi maganar!"

"Yaya aka ji da tsuntsaye?"

"Tsuntsayen uwaka! Ka faɗi maganar, don Allah, don Annabi!"

Yana daka yana kuka, gumi da hawaye sun haɗu a gemu. Ita kuma ƙararrawa, da yake ita ma 'yar tarbiyya ce, sai da ta tambayi sanyin turke. Sannan muka ji kunnen ya ce, "Ruwa."

Ƙararrawa ta buga. Ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba.

Sarkin Gaisuwa bai tsaya ba. Ya tattare riga ya gangara fadama a guje, tsoho ɗan saba'in, kai babu hula. An ba ni labari ya tarar da mutane sun fara hawa tudu, ya kutsa gidan ɗansa ya ce, "Salamu alaikum, ruwa!" ya sungumi jaririyar ya fito, Kande na biye da shi da sauran yara biyu. Na ƙarshe yana taka tudu Baƙin Sa ya iso. Ya kwashe gidan, da tukwanen suna, da fatar rago, da kajina da na bar wa Kande. Muka ƙirga mutane sau uku a kan tudu. Babu wanda ya ɓata. Na yi sujada a nan cikin taɓo.

Kafin magariba Jatau ya cire gaisuwa daga kunne na goma sha biyu, kuma ba ni na aike shi ba.

Bayan kwana biyu ina zaune a ƙofar gida da jaririyar a cinya, wadda aka mayar wa sunan Yaya Dudu, sai ga surukina da sabon rawani, tafin hannunsa duka biyu a ɗaure da tsumma. Ya yi sallama na amsa. Sai ya tsaya yana dubana kamar mai neman izini.

Na leƙa can wajen rimi. Gemun kunne yana kwance, mata suna daka. Na shimfiɗa masa tabarma na ce, "Bismillah, ranka ya daɗe. Yau babu ruwa a hanya."

Ya zauna, ya ja numfashi, ya fara daga ina kwana. Na amsa masa duka, har da tsuntsaye.

Iyakar abin da na gani ke nan. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na zarce kuwa daga bakina ne, kun dai san garin da na fito. Allah ya haɗa mu da alheri, ya tsare mu da ruwan da ba ya sallama.